Kuɗin Barin Gida: Daga Kano Zuwa Zangon Wagadugu

Rabon gado ne ya kai ni Wagadugu a hunturun 2017. An sayar da tsohon gidanmu na cikin birni, da aka zauna lissafin magada sai goggonmu ta kafe, ta ce ba za a taɓa ko sisi ba sai an nemo zuriyar wan mahaifinta, wanda ya bi fatake tun kafin a haife ta bai sake waiwayar Kano ba. Abin da aka sani game da shi kaɗan ne: ya zauna a zangon Hausawa na Wagadugu, ya yi aure, ya bar 'ya'ya. Wani ɗan kasuwar Kwari mai hulɗa da mutanen can ya samo mana lambar waya. Da aka duba aka ga ni ne ba ni da shagon da zan ce zan yi asarar ciniki, sai aka ɗora mini tafiyar.

Kano zuwa Katsina, Katsina zuwa Jibiya, aka tsallaka ta Ɗan Isa, la'asar ta yi mana a Maraɗi. Bakano ba ya jin baƙunta a Maraɗi sai ya zo biyan kuɗi. A shekarar da ta gabata naira ta sha ƙasa, ita kuwa sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta gaba ba ta baya. Na miƙa wa ɗan canji damin kuɗi ya maido mini 'yan takardun da ba su cika aljihun gaban riga ba. Ga kuma lissafin dala: sefa 5 ita ce dala ɗaya, in mai shayi ya ce maka ɗari, 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Na sha shayi da burodin nan nasu dogo mai ƙwarin baya, na kwana a rumfar kamfanin bas tare da sauran fasinja, kowa da tabarmarsa.

Kafin kiran assalatu bas ta tashi. Tsarin nan ya burge ni, don a gida sai mota ta cika take tashi, a nan kuwa agogo ake bi, ko ka zo ko ba ka zo ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Muka wuce Madawa, muka wuce Galmi inda buhunan albasa ke jibge a bakin titi suna jiran manyan motocin Abijan da Akara.

A kusa da ni akwai wani saurayi ɗan wajen Gusau, da 'yar jakarsa ta goyo. A Ƙonni zai sauka ya nemi motar Tawa, daga can Agadas, daga can inda Allah ya nufa. A lokacin gwamnatin Nijar ta fara tsananta dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, don haka a hankali yake magana. Amma da hira ta yi daɗi sai ya ɗaga murya.

"Wallahi Malam, da za a ba ni miliyan goma a ce kada in sake taka ƙasata har abada, ko takalmi ba zan tsaya ɗauka ba."

Wata tsohuwa a kujerar gabanmu ta waiwayo. "Ɗan nan, uwarka na da rai?"

"Tana nan, Inna. Ai saboda ita zan tafi. Zan riƙa aiko mata."

"Aika mata. Amma ran da ta cika, kuɗin ne zai kama makara?"

Yaron ya yi dariyar yaƙe, wasu suka goyi bayansa, wasu suka bi tsohuwa, aka yi ta musu har Ƙonni. Wani mai rawani ya ce miliyan goma ta yi kaɗan, a mayar da ita ɗari a gani. Abin da na lura da shi shi ne duk waɗanda suka ce za su karɓa, kowa sai ya saka sharaɗi: a bar shi ya zo jana'iza, a bar shi ya zo sallah, a bar shi ya kwashi iyalinsa da na ƙaninsa. Kuɗin kowa na so. "Har abada" ɗin ce ba a samu mai saye ba.

Bayan Dogon Dutsi da Doso, wajen Kure, direba ya rage gudu muka ga raƙuman dawa suna kiwo a cikin gonakin mutane. A Yamai na ci dambu da kwaɗon zogale na dala arba'in a bakin tasha, na ƙoshi. Kashegari muka haye gadar Kennedy, daga nan Hausa ta fara ƙaranci a bakin mutane. Torodi, Makalondi, sai iyaka. Aka sauke mu, aka duba katin shaida da na allurar shawara, wanda ba shi da shi ya yi ciniki a bayan rumfa, muka wuce.

Daga Kancari zuwa Fadan Gurma daji ne mai itatuwan kuka da kaɗanya. Ta ƙasar Gurma da ta Mosi ayarin fataken Gwanja ke ratsawa, da madugu da jagaba da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jan fata, su yi watanni kafin su isa Salaga su juyo da goro. Duk inda suka saba yada zango, sannu a hankali wani ya gaji ya zauna, wani ya yi rashin lafiya aka bar shi, wani ya ga mace. Hanyar ta fitar da mutum iri biyu. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ya yi zaman Gwanja da Akara, ya dawo Kano, gyaɗa ta ɗaukaka shi, a Kano ya rasu a 1955. Alhaji Umaru kuwa, malamin nan mai waƙoƙi da aka haifa a Kano wajen 1858, ya je Salaga, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete Karaci ya zama limami, a can aka binne shi a 1934. Ban jin ranar da kowannensu ya fita daga gida ya san a wane ɓangare zai faɗa.

A Fadan Gurma mata suka kewaye bas da kwalaben zuma, na sayi ɗaya jika biyu don tsarabar masu masauki. Wanda zai bi wannan hanya yau sai ya sake shawara. Tun daga 2018 masu ɗauke da makamai suka addabi gabashin ƙasar, motoci ba sa bi sai da rakiyar soja, kuma a ƙididdigar hukuma ta 2023 sama da mutum miliyan 2 ne suka bar garuruwansu a Burkina Faso. Waɗannan ba wanda ya yi musu tayin ko dala.

Kupela, Zorgo, sai ga fitilun Wagadugu. Aka ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Abin da ya fara ɗaukar idona babura ne, da masu tuƙa su. Mace da zane da kallabi, goyo a baya, tiren kaya a kai, tana murza babur a tsakiyar titi ba wanda ya kalle ta. A Kano tun 2013 aka hana acaɓa, nan kuwa kowa acaɓan kansa ne. Tasi koriya ce, a lokacin ta haɗaka sefa 300 ce in ba ka kauce daga layi ba.

Na ce wa mai tasi Zango. Ya tambaye ni wanne. Akwai Zongo a can yammacin gari, unguwar awon igiya ce mai gidajen laka. In kuwa ta Hausawa nake nufi, wadda suke kira Zangwetin, ya kaɗa hannu, ya ce babu ita. Sai na kira lambar nan, aka yi masa kwatance da Mosanci, muka nufi kudu.

Mutumin da na tarar, ɗan wan mahaifin goggo wanda nake kira Baba, ya haura shekara saba'in, dogo, kuma goshin mahaifina sak. Ban san lokacin da na durƙusa ba. "Tashi ɗana, tashi. Ina Kano? Ina mutan gida?" Kafin in zauna sosai an kawo ƙwarya da ruwan gero mai tsamiya da citta, wanda Mosawa ke tarbar baƙo da shi, ɗan'uwan farau-faraunmu ne. Hajiyarsa Bamosiya ce, amma Hausarta ta fi ta 'ya'yanta. Hausar Baba kuwa ta tsofaffin Kano ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata, sai dai jefi-jefi Faransanci ya faɗo ciki. Jikoki suna iya gaisuwa, daga "lafiya lau" sai su koma Mosanci.

Aka ba ni ɗakin babban jikansa, aka yanka kaza. Tuwon masara ne da miyar kuka, tuwon da ɗan tsami don da ruwan tsamiya suke tuƙa shi. Duk zamana a gidan ba a bar ni na sa hannu a aljihu ba. Sai da na saci jiki da safe na ci wake da shinkafa na bakin titi, wanda suke kira benga, na sefa 200 da mai da yaji. Gasasshiyar kazar gida, wadda garin ya yi suna da ita, jika uku ce, da na juya ta zuwa naira sai na gode wa Allah da ya ba ni dangi. Tsire kam a hannun mutanenmu yake, ka yi sallama da Hausa a gaban tukuba a ƙara maka yanka biyu.

Ban fara maganar gado ba, shi ma bai tambaya ba. Kwana ya kewayo ya ce wa jikan ya ɗauko mu, zai nuna mini gidan ubansa.

Muka shiga tsakiyar gari, kusa da filin jirgi, muka bi titin Kwame Nkrumah, inda aka kai harin otal ɗin Splendid a Janairun 2016. Bankuna, otal-otal, benaye masu gilashi. Muna karya kwana sai fili. Ciyawa ta bushe, ga ramukan harsashin gini da aka haƙa aka bari, ga bene an kai hawa uku an tsaya, can kuma wani ya kammalu yana ƙyalli shi kaɗai. Wurin kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, giɓi can. Baba ya sauka ya tafi kai tsaye ba ya ko dube-dube, ya tsaya a kan wani tudun ƙasa.

"Nan zaurenmu yake. Can makarantar allo. Inda motar nan take, mahauta ne. A nan aka yanke mini cibiya."

A 2001 gwamnatin Blaise Compaoré ta sanar da shirin da ake kira ZACA: za a mayar da kadada 85 na tsakiyar birni unguwar kasuwanci da ofisoshi. Zangwetin na ciki, da Tiyedpalogo, da Kuluba, da unguwar Fulani, da wasu maƙwabtansu, galibinsu unguwannin Musulmi 'yan kasuwa. Mutum sama da 10,000 abin ya shafa. Aka yi tayin diyya da filaye a Waga 2000, can kudu wajen sabuwar fadar shugaban ƙasa, da kuma Niyoko a gabas. Mutane suka ƙi, malamai suka shiga gaba, aka yi taruka a masallatai, aka yi zanga-zanga. A 2003 rusau ya kankama.

"To Baba, diyyar ba ta kai ba ne?"

"Ɗana, sun auna bango, sun ƙirga kwano, sun biya. Ban ce sun cuce ni a bango ba." Ya yi shiru. "Ka san da me muke ci a gidan nan?"

Da baƙi suke ci. Gidan zango masauki ne. Falke ya zo daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya sauka a zaurenka, ka ajiye masa kaya, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa in bashi ne, ka ci la'ada. Hajiya ta yi abincin sayarwa, yara su yi dako, ɗakunan baya a ba 'yan haya. Duk wannan ya dogara da abu guda, wato babbar kasuwar Rood Woko tana nan da ƙafa. Wa zai sauka a gidan da ke kilomita goma daga kasuwa? Ita ma kasuwar gobara ta cinye ta a watan Mayun 2003 ɗin, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A shekara ɗaya suka rasa gida da rumfa. Ya ce da yawa daga maƙwabtansa ba su iya gina irin ginin da ake bukata a sabon wurin ba, suka sayar da filin suka faɗa awon igiya. 'Yan haya kuwa ba su da takardar da za a yi musu lissafi da ita.

Jikan, wanda yana ɗan ƙarami aka tashe su, ya sa baki. Ya ce shi abin da yake tunawa kwata ce da sauro, da mutum goma a ɗaki ɗaya, kuma ya san gidajen da magada suka yi murna don gidan da ba ya rabuwa ya zama kuɗin da ke rabuwa. Wannan magana ta taɓa ni, don abin da ya fito da ni daga Kano ke nan. Baba bai musa ba. Ya ce, "Masu murna sun yi murna. Amma ka tambayi kowa, da babu katafila a bayan mai jakar kuɗin, mutum nawa ne za su sa hannu?"

Ni dai a nan na tsaya a kan tambayar da aka yi ta ja a bas. Mutanen da kakanninsu suka bar ƙasar Hausa saboda neman kuɗi, su ne aka kawo wa kuɗi a kan su matsa kilomita goma, a cikin gari ɗaya, suka ƙi sai da ƙarfi. Kuɗi na fitar da saurayi daga gida, wannan ba musu. Amma yana fitar da shi ne da alkawarin dawowa.

Da dare na buɗe takardu na isar da saƙo, har da na goggo, wadda ta ce in gaya masa rabonsu zai sayi ɗan gida a bayan gari, ya tattaro ya dawo cikin danginsa. Ya yi dariya har da tari.

"Allah ya saka wa 'yar'uwata. Ka san mahaifina har ya rasu cewa yake baɗi zai koma? Akwai wata riga saƙi da ya ajiye a adaka, ta shiga Kano ce. In kaka ta yi ya ce sai an biya shi bashi. In an biya ya ce sai an yaye yaro. Aka yaye ni, aka yaye ƙannena, ya aurar da mu. Bai taɓa cewa ya bar Kano ba. Mu muka binne shi a nan, uwata na gefensa. Yanzu in tafi in bar su wa?"

Rabon kam ya karɓa, ya ce haƙƙi ne ba a mayar da shi. Aka kira ƙannensa da limamin unguwa, aka sa hannu, ya ware wani abu ya ce a yi wa mahaifinsa sadaka a masallacin unguwarsu ta Kano. Tambayar da ya fi nanatawa ita ce ko akwai rijiya a tsakar gidan, don mahaifinsa ya sha ba shi labarinta. Na ce akwai, amma wanda ya saya zai yi shaguna.

Cikin shaidun akwai maƙwabcinsa Bamoshe, wanda labarinsa ya zo ta ɗaya gefen. A gonar koko aka haife shi a Kwaddebuwa. Tun zamanin Faransa ake kwasar Mosawa zuwa can, har a 1932 aka soke ƙasar Haute-Volta, wato Burkina ta yanzu, ɗungurum aka haɗa mafi yawan yankin Mosi da Kwaddebuwa, sai 1947 aka maido ta. Mahaifinsa ya sayi gona, ya yi gini, ya ɗauka ya zauna ke nan. Da yaƙi ya ɓarke a 2002 aka fara farautar baƙi, gwamnatin Burkina ta aika motoci a shirin da ta kira Bayiri, suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. A nan kuma aka riƙa yi masa kallon ɗan Abijan, don Mosancinsa ya karkace. Baba ya ce haka aka yi wa 'yan'uwansu a Gana a 1969 lokacin gwamnatin Busia, da yawa a zauren mahaifinsa suka sauka. Na sunkuyar da kai, don mu ma mun kori mutanen Gana a 1983. Ko da mutum ya yarda ya sayar da komawa, ba shi ke da ta cewa ba, masu ƙasa na iya tashi wata rana su ce cinikin ya warware.

Ranar Juma'a da sassafe jikan ya kai ni ƙofar fadar Mogo Naba, sarkin Mosi, Naba Baongo da ke kan gado tun 1982. Hakimai suka yi ta isowa a kan babura da motoci, kowa da jar hularsa ta sarauta, suka zazzauna a ƙasa bisa muƙami. An hana ɗaukar hoto. Sarki ya fito cikin jajayen kaya, ga doki an ɗaura masa sirdi, alamar zai bar gari. Aka buga bindiga. Manyan fada suka matso suka faɗi suna roƙo. Ya koma ciki, ya sake fitowa da fararen kaya, aka kwance sirdi. Bai fi rubu'in awa ba aka watse, kowa ya hau babur ya tafi aiki. Ruwayoyi sun bambanta a kan asalin abin, amma duk mako sai an yi. Ga wanda ya saba da hawan Kano, da algaita da dawakan zage, abin zai yi masa salam. Ni kam ya burge ni, ganin gari guda na fitowa duk Juma'a don ya ce wa mutum kada ka tafi.

Shi jikan ne ya kai ni tasha ranar komawa, da ƙullin man kaɗanya da zanen saƙin Faso Dan Fani na goggo. A hanya ya rage gudu, ya haɗa Hausarsa da ƙyar.

"Baffa, gaskiya ne a Kano akwai kasuwar da waya kaɗai ake sayarwa?"

Na ce Farm Centre ke nan. Ya tambayi kuɗin hayar teburi, da ko mai gyara na samu. Ya ce a Wagadugu masu gyaran sun yi yawa, kayan gyaran ma daga Najeriya ake kawo su. "Shekara biyu kawai zan yi, in tara jari in dawo. Kada ka gaya wa tsoho tukuna."

Bayan babbar sallah ya iso. Goggo ta yi kuka ta ce jininsu ya dawo gida, shi kuwa bai gane rabin abin da take faɗa ba. Wani abokina ya ba shi gefen teburi. A kasuwar Ɗan Burkina suke kiransa, Hausarsa ta miƙe har da karin Kananci. An yi masa aure a Kurna, yana da 'ya'ya biyu. Duk ƙarshen wata yana zuwa Wapa ya canji abin da zai aika wa mahaifiyarsa, ya dawo yana mitar yadda naira ke narkewa in ta haɗu da sefa, ya ce da zarar canji ya daidaita zai tattara.